Ciwon hanta a yara: gane shi da wuri, dashen hanta, da rama alheri

An shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin mata, ungozomomi, masu aikin lafiya na sa kai da shugabannin unguwa. Za a iya karanta shi a zama ɗaya, ko a raba shi kashi biyu. Za mu duba abubuwa uku: yadda ake gane ciwon hanta a jikin jariri, yadda likitoci suka kai ga iya dasa hanta, da abin da waɗansu iyalai suka yi bayan an taimake su. A ƙarshe akwai tambayoyi don tattaunawa.

Aikin hanta

Hanta tana gefen dama na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyinta a jikin babba ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Ga kaɗan daga cikin ayyukanta:

- Tana tace jini, tana cire dafi da ragowar magunguna.
- Tana ajiye sukari, ta sake shi lokacin da jiki ke bukata.
- Tana yin sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni.
- Tana yin ruwan maɗaciya, wanda ke bin siraran hanyoyi zuwa hanji don narkar da maiƙo. Wannan ruwa ne yake ba kashi launinsa.

Hanta tana da wata baiwa ta musamman. Idan aka yanke wani sashe nata, ragowar takan sake girma cikin makonni ko 'yan watanni. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Shawarar da ta ƙi tafiya

Jarirai da yawa sukan yi shawara a kwanakin farko. Ido da fata sukan yi rawaya daga kwana na biyu ko na uku, kuma yawanci takan wuce kafin mako biyu. Amma akwai lokuta biyu da shawara take nuna haɗari.

Na farko shi ne idan ta fito a ranar haihuwa, ko ta yi tsanani har ta sauka zuwa tafin hannu da tafin ƙafa, ko jariri ya ƙi nono yana ta barci. Irin wannan tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. A kai shi asibiti a ranar, inda ake sa jarirai ƙarƙashin wata fitila ta musamman.

Na biyu shi ne idan ta wuce kwana 14, ko kwana 21 ga bakwaini. A nan ne ake tsoron ciwon hanta. Mafi muhimmanci cikin waɗannan cututtuka shi ne toshewar hanyar maɗaciya. Hanyoyin da ke fitar da ruwan maɗaciya sukan lalace su toshe, kafin haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Ruwan ya rasa mafita, sai ya taru a cikin hanta yana cin ta a hankali har ta taurare. A ƙasashen Turai ciwon yana kama kimanin jariri 1 cikin 15,000 zuwa 20,000, ya kuma fi haka yawa a gabashin Asiya. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma babu wani abin da uwa ta ci ko ta yi da ya jawo shi. Yaron da ba a yi masa aiki ba da wuya ya wuce shekara biyu.

Abin da ke ruɗin iyaye shi ne, a makonnin farko jaririn yakan sha nono sosai, yana ƙiba, yana wasa. Don haka sai a ce a bar shi, za ta wuce. Ga alamomi uku da za a duba:

- Farin ido yana nan rawaya bayan mako biyu.
- Kashi ya koɗe, ya zama fari-fari ko ruwan toka. Kashin lafiyayyen jariri rawaya ne ko kore.
- Fitsari ya yi duhu har yana ɓata zane. Fitsarin jariri sabon haihuwa kusan kamar ruwa yake.

A jikin yaro mai duhun fata, a duba farin ido da dasashi, a cikin hasken rana. Hasken fitila yana ɓoye launin.

Kwana 60

A shekarun 1950 wani likitan tiyata na ƙasar Japan, Morio Kasai, ya samo hanyar yi wa waɗannan jarirai aiki. Akan cire hanyoyin da suka toshe, a ɗauko wani yanki na hanji a ɗinke shi kai tsaye a jikin hanta, don ruwan maɗaciya ya sami wurin bi. Har yau da sunansa ake kiran aikin.

Nasarar aikin Kasai ta dogara ga lokaci. Ya fi yin amfani idan an yi shi kafin jariri ya cika kwana 60, kuma gwargwadon saurin yin sa gwargwadon sakamako. Bayan wata uku ko huɗu hanta ta riga ta lalace ƙwarai. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Saboda haka waɗansu ƙasashe suka ɗauki matakai. A 1999 aka tattara wannan aiki na Ingila da Wels a asibitoci uku kawai, a Landan, Bamingam da Lids, domin likitan da ke yin aikin a kai a kai ya fi ƙwarewa. A 2004 ƙasar Taiwan ta fara ba kowace mai jego wani kati mai hotunan launin kashin jariri, na lafiya da na rashin lafiya. Uwa za ta gwada da na ɗanta, in ta ga ya yi kama da mai koɗewa sai ta kai shi asibiti. Wannan ɗan kati ya sa aka riƙa yi wa jarirai aiki da wuri fiye da da.

Ko da aikin Kasai ya yi kyau, da yawa daga cikin yaran sukan bukaci sabuwar hanta daga baya, wasu cikin shekara biyu, wasu sai sun girma. Toshewar hanyar maɗaciya ita ce babban dalilin dashen hanta a yara.

Yadda dashen hanta ya faro

A watan Maris na 1963, a birnin Denba na Amurka, Dokta Thomas Starzl ya yi ƙoƙarin dashen hanta na farko a jikin ɗan Adam. Yaro ne ɗan shekara uku mai toshewar hanyar maɗaciya. Jini ya ƙi tsayawa, yaron ya rasu ana cikin aiki. Waɗanda suka biyo baya a shekarar su ma ba su daɗe ba, har aka dakatar da aikin na ɗan lokaci. A 1967 Starzl ya dasa wa wata yarinya 'yar wata 18 mai ciwon dajin hanta, ta rayu fiye da shekara ɗaya. A 1968 Farfesa Roy Calne ya fara irin wannan aiki a asibitin Addenbrooke's da ke Kembirij a Ingila.

Babbar matsalar ita ce garkuwar jiki. Jiki yakan ɗauki sabuwar hanta a matsayin baƙuwa, ya far mata kamar yadda yake far wa ƙwayar cuta. Magungunan da ake da su a lokacin ba su isa ba, kuma cikin mutum goma da aka yi wa dashe, kimanin uku ne kawai ke cika shekara. Sai aka sami maganin saikulosforin, wanda aka samo daga wata irin funfuna ta cikin ƙasa. Da aka fara amfani da shi a farkon shekarun 1980, masu cika shekara suka kai kusan bakwai cikin goma. A 1983 wani babban taron masana lafiya a Amurka ya amince cewa dashen hanta ya wuce matsayin gwaji. Daga baya aka sami maganin takrolimus, wanda aka fi amfani da shi yanzu. A manyan asibitocin dashe, kimanin yara 9 cikin 10 suna wuce shekarar farko, kuma yawancinsu suna girma su yi makaranta.

Daga ina hantar take zuwa?

Da farko sai an jira wani yaro mai girma ɗaya da majinyacin ya rasu, iyayensa kuma su yarda. Yara da yawa sun mutu suna jira. Likitoci suka nemi mafita mataki mataki:

- A 1984 Henri Bismuth a Faris ya ba da rahoton rage hantar babba ta yi daidai da cikin yaro.
- A 1988 Rudolf Pichlmayr a Hanoba ta Jamus ya raba hanta ɗaya gida biyu, babban kashi ga babba, ƙarami ga yaro.
- A 1989 Russell Strong a Birisben ta Ostireliya ya yi nasarar ɗaukar yanki daga hantar uwa mai rai ya dasa wa ɗanta. Daga Japan suka zo.

A nan ne baiwar da muka ambata ta yi amfani. Don jariri, akan ɗauki ɗan sashen hagu, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na hantar mai bayarwa. Nata yakan sake cika, na jikin yaron kuma ya riƙa girma tare da shi. Duk da haka babban aiki ne, akwai haɗari ga mai bayarwa. Shi ya sa ake yi masa gwaje-gwaje da yawa, a kuma gana da shi shi kaɗai don a tabbata babu wanda ya tilasta masa.

A 2017 likitoci a Johanasbag ta Afirka ta Kudu sun dasa wa wani yaro yankin hantar mahaifiyarsa mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, bayan ya daɗe yana jira kuma yana gab da mutuwa. Uwar ce ta yi ta roƙo a bar ta ta bayar. Yaron ya rayu.

Malaman addini sun duba wannan al'amari. A 1988 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda, ta halatta dashen sassan jiki bisa sharuɗɗa, ta kuma hana sayar da su. A watan Agusta na 2000 Fafaroma John Paul na Biyu ya yi jawabi ga taron likitocin dashe a Rum, ya yaba da kyautar sashen jiki, ya kuma yi tir da mai da shi haja. A 2008 likitoci daga ƙasashe da yawa suka fitar da Sanarwar Istambul kan yaƙi da fataucin sassan jiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Nijeriya ita ma ta haramta cinikinsu. Duk wanda ya zo wa matashi da maganar kuɗi don ya ba da ƙoda ko hanta, mai laifi ne, a kai rahotonsa.

Rayuwa bayan dashe

Dashe ba ya ƙare jinya. Yaro zai riƙa shan maganin rage ƙarfin garkuwar jiki kowace rana, yawanci har iyakar rayuwarsa. Zai riƙa zuwa gwajin jini. Zazzaɓin da wani yaro zai warke daga shi cikin kwana biyu yana iya kwantar da shi a asibiti. Lokacin samartaka ya fi wuya, domin matasa sukan gaji da magani su daina sha a ɓoye, sai jiki ya ƙi hantar.

Iyalai daga Nijeriya da maƙwabtanta da suka kai ga dashen hanta galibi sai sun fita waje, kamar Indiya ko Masar. Kuɗin ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Masu tara gudummawa su sani cewa kuɗin aiki kashi ɗaya ne kawai. Akwai kuɗin magani na kowane wata, wanda ba shi da ranar ƙarewa.

Waɗanda suka rama alheri

A 1982 wata jaririya a jihar Masacusets ta Amurka, Jamie Fiske, tana gab da mutuwa saboda toshewar hanyar maɗaciya. Mahaifinta Charles Fiske ya nemi izini ya tsaya gaban taron likitocin yara a birnin Niyok, ya roƙe su su tuna da 'yarsa. Gidajen talabijin suka yaɗa roƙon. Waɗansu iyaye a jihar Yuta, waɗanda jaririnsu ya rasu a haɗarin mota, sun ga labarin, suka ba da hantarsa. A watan Nuwamba aka yi mata dashe a asibitin Jami'ar Minesota, tana da wata 11, ta kuma girma. Mahaifin bai koma gida ya rufe ƙofa ba. Ya ba da shaida gaban majalisar dokoki, a cikin muryoyin da suka kai ga dokar dashen sassan jiki ta 1984, wadda ta kafa tsarin rabo na ƙasa baki ɗaya. Ta haka iyayen da ba su da hanyar shiga talabijin su ma za su sami layi. Ya kuma buɗe wani masauki mai suna Family Inn kusa da Boston, domin iyalan da suka zo jinya daga nesa. Ya san wahalar kwana a kujerar asibiti.

A Ingila, a farkon 1984, shirin talabijin na BBC mai suna That's Life! ya nuna wani yaro ɗan shekara biyu, Ben Hardwick, mai irin wannan ciwo. An sami hanta, aka yi masa dashe a Kembirij. Masu kallo suka aiko da kuɗin da aka inganta kula da yara a asibitin, iyalai da yawa kuma suka fara yarda su ba da sassan jikin 'yan'uwansu da suka rasu. Ben ya rasu a 1985 bayan dashe na biyu. An kafa asusu da sunansa don taimakon iyalan yara masu ciwon hanta.

Tun kafin haka, a 1980, iyayen wani yaro mai suna Michael McGough, wanda ciwon hanta ya kashe, sun kafa gidauniya da sunansa. Ita ce daga baya ta zama Gidauniyar Ciwon Hantar Yara ta Birtaniya. Ta tallafa wa bincike, ta kuma yi shekaru tana wayar da kan ungozomomi da iyaye game da shawarar da ta wuce mako biyu.

Akwai kuma wasannin motsa jiki na waɗanda aka yi wa dashe, waɗanda aka fara a garin Fotsmos na Ingila a 1978. Masu gudu da masu ninƙaya sukan fito don su nuna wa jama'a amfanin kyautar da aka yi musu, su kuma gode wa iyalan da suka bayar.

Mu lura da abubuwa uku. Cikin waɗannan iyalai akwai waɗanda ɗansu ya rayu, akwai waɗanda suka binne nasu, dukansu kuma sun bayar. Na biyu, ba masu arziki ba ne. Abin da suka fi bayarwa shi ne sanin da suka samu a cikin wahala. Na uku, babu wanda ya iya biyan mai kyautar, domin sau da yawa ba a ma san shi ba. Sai suka miƙa alherin ga na bayansu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Abin da za mu iya yi a inda muke

Dashen hanta ya yi mana nisa, amma yawancin abin da ke kare hantar yaro yana kusa da mu.

1. Allurar ranar haihuwa. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a Afirka ta Yamma, kuma uwa tana iya ba ɗanta lokacin haihuwa. Cikin jarirai 10 da suka kamu a lokacin, kimanin 9 za su zauna da ƙwayar cutar, wadda kan kai ga taurarewar hanta ko ciwon daji idan sun girma. A yi wa jariri allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu, kada a jira ranar suna. Sai a bi da na mako 6, 10 da 14. Nijeriya ta sa wannan allura cikin rigakafin yara a 2004. Taiwan ta fara a 1984, kuma ciwon dajin hanta a yaranta ya ragu sosai. Mai ciki ta nemi a gwada jininta a wurin awo.

2. Duba jariri a kwana 14. Ungozoma ko mai aikin sa kai ta ziyarci mai jego, ta duba ido, ta tambayi launin kashi da fitsari. In akwai alama ko ɗaya, a tafi babban asibiti ko asibitin koyarwa, a nemi gwajin jinin da ke bambanta shawarar hanta da sauran. Shanya jariri a rana, ruwan gulukos da jiƙe-jiƙe ba sa buɗe hanyar da ta toshe, kwanaki kawai suke ci.

3. Kafur. Kada a sa shi a kayan jariri. A jikin waɗansu yara yana farfasa ƙwayoyin jini ya kawo shawara mai tsanani.

4. Hatsi. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da dafin da ke lalata hanta. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. A busar da amfanin gona sosai a kan tabarma ko leda, a tsince ruɓaɓɓu a zubar, a ajiye buhu a kan katako nesa da danshi.

5. Magani. Farasitamol lafiya ne in an bi ƙa'ida, amma in ya yi yawa yana kashe hanta. A auna wa yaro daidai da nauyinsa, kada a haɗa masa magunguna biyu masu ɗauke da shi.

6. Gudummawar jini. Kowane babban aikin tiyata yana bukatar jini. Lafiyayyen mutum mai shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa.

7. Asusun mota. Sau da yawa kuɗin mota ne ke hana iyaye tafiya da wuri. Ƙungiya tana iya ware ɗan abu kowane wata don kai jariri asibiti. A zaɓi mutum biyu su riƙe shi, a rubuta shiga da fita, a karanta wa jama'a.

8. Raka iyali. Mai jinyar yaro tana bukatar wanda zai kai mata abinci, ya duba sauran yaran, ya taya ta fahimtar bayanin likita. Wanda ya taɓa jinya a asibitin birni ya fi kowa iya wannan.

Tambayoyi don tattaunawa

- Me mutanen garinmu suke yi idan jariri ya yi shawara? Wanne ne yake taimako, wanne ne yake jawo jinkiri?
- Wa yake yanke shawarar kai jariri asibiti a gidajenmu? Ta yaya wannan bayani zai kai ga maigida da kakanni?
- Jarirai nawa cikin waɗanda aka haifa a unguwarmu bana suka sami allurar ranar haihuwa? Me ya hana sauran?
- Wane asibiti mafi kusa ne yake da likitan tiyatar yara? Nawa ne kuɗin mota zuwa can?
- Ku tuna lokacin da wani ya taimake ku kuna cikin jinya. Wane sani kuka samu a lokacin wanda zai amfani wani iyali?
- Yaya za mu amsa wa wanda ya ce ba da sashen jiki bayan mutuwa bai dace ba? Wa ya kamata mu gayyata ya yi mana ƙarin bayani?

Kafin a tashi, ƙungiya ta zaɓi abu ɗaya daga cikin takwas ɗin nan da za ta fara a wannan wata. A rubuta sunan wanda zai ɗauki nauyinsa, a kuma sa ranar da zai kawo rahoto.